Fijo 504 ba ta tashi da safe sai da turi, kuma tana mutuwa in ta yi zafi

"Assalamu alaikum Baba. Ina da Fijo 504 ƙirar 1984, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a ajiye a gidanmu a Unguwar Sanusi kafin na tayar da ita bara. Da safe in na murɗa makulli, kik yana juyawa da ƙyar, ta ƙi tashi, amma da yara sun tura ta sai ta kama nan take. Sannan in ta yi zafi, musamman in na shiga cunkoso wajen Kawo ko Kasuwar Barci, sai ta fara shessheƙa ta mutu, ba za ta sake tashi ba sai na jira kamar minti 20. Na sayi sabon batir, na canza fulogi, an wanke kafireta sau biyu. Yanzu bakanikena ya ce in sauke injin in sa na wata mota, ni kuma ba na so. Mece ce shawararka?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne ciwo biyu ne a jikin mota ɗaya, kowanne da lokacin da yake tasowa. Na farko na safiya ne, kik ba ƙarfi, sai an tura. Na biyu na zafi ne, tana cikin tafiya ta ɗauke, ta ƙi tashi sai ta huce. Kuɗin da ka kashe bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba saboda an yi ta canza kaya ne ba tare da an auna komai ba. Tun yanzu zan faɗa maka ra'ayina: kada ka yarda a sauke injin nan. Injin da yake kamawa nan take da turin yara, ya ɗauke ka daga Unguwar Sanusi har Kawo, ba a yanke masa hukunci da ido.

Ka kuma kwantar da hankalinka, domin in akwai garin da bai kamata 504 ta gagari gyara ba, to Kaduna ce. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma bayan an daina yin salun ɗinta a Turai a 1983, nan aka ci gaba da yin ta har tsakiyar shekarun 2000. Yawancin waɗanda ke hannun mutanenmu injin fetur ne mai silinda huɗu, ko dai mai cc 1971 ko mai cc 1796, da kafireta da distiributa mai kwantak. Babu kwamfuta a jikinta, babu wurin da za a jona na'urar bincike ta faɗi laifi. Yaran gareji na yanzu sun tashi ne a kan motocin da na'ura ke yi musu magana, shi ya sa in suka ga kwantak sai su fara lalube. Ba laifinsu ba ne, zamaninsu ne ya zo da haka. Amma kai da kake son riƙe motar, dole ka san yadda wutarta take tafiya.

In ka buɗe makulli, bolt 12 na batir yana zuwa kwayil. A cikin distiributa akwai kwantak, ƙananan baki biyu da ke haɗuwa suna rabuwa yayin da inji ke juyawa. In sun haɗu, wuta na ratsa kwayil yana tara ƙarfi. Daidai lokacin da suka rabu, kwayil yana sako wuta mai ƙarfin bolt sama da 10,000 ta kaurin wayar nan zuwa tsakiyar murfin distiributa, rota ya miƙa ta ga fulogin da layi ya zo kansa. Kwandensa kuma yana shanye tartsatsin da zai tashi a bakin kwantak, don kada ya ƙone, kuma don yankewar ta zama farat ɗaya. Abu biyu za ka riƙe daga nan: tartsatsi yana fita ne lokacin da kwantak ya buɗe, sannan kwayil ba ya iya ba da abin da bai samu ba.

Me ya sa turi yake tayar da ita?

Amsar wannan tambayar ita ce rabin aikinka. In ana tura mota, kik yana hutawa, duk wutar batir tana tafiya ga kwayil. In ka murɗa makulli kuwa, kik yana zuƙar amp 150 zuwa 200, in ya gaji ma ya wuce haka. Kik da kwayil a akushi ɗaya suke ci, kuma kik ne mai babbar loma, in tuwon ya yi kaɗan kwayil ne yake tashi da yunwa. Wutar da ke isa gare shi sai ta sauka zuwa bolt 8 ko 7, tartsatsin ya fito siriri ja-ja, wanda ba zai iya kunna mai a cikin inji mai sanyi ba. Ga kuma juyawar da ba ta da sauri, iska ba ta jan mai sosai daga kafireta. Saboda haka motar da ke tashi da turi ta ƙi tashi da kik, yawanci tana nuna maka hanyar da ke tsakanin batir da kik ne, ba cikin inji ba.

Sayen sabon batir bai wanke batir daga zargi ba. Ka sayi mita, ƙaramar nan ta masu gyaran rediyo ta isa, ba ta kai kuɗin wankin kafireta biyu ba. Da safe kafin ka taɓa komai, ɗora ta a kan batir. In ka ga bolt 12.6 a cike yake, 12.2 ya kai wajen rabi, 12.0 kuwa saura kaɗan ya ƙare. Sai wani ya murɗa makulli kana kallo: bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In mota ta tashi, a ɗan taka totur, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ya tsaya a 12 da ɗoriya alhali inji na aiki, to altaneta ba ta caji, ko fanbel ya saki, ko regileta ya mutu, kuma ko batir goma ka saya haka za su riƙa mutuwa a hannunka.

In batir ya ci jarrabawa, sai wayoyi, kuma nan ne na fi zargi a motarka. Waya mai shekara arba'in tana ruɓewa daga ciki, robar waje tana nan lafiya. Na sha yanka robar wayar batir kusa da kai in tarar jan ƙarfen ya zama kore, in ka murza da yatsa siraran wayoyin suna karyewa suna zuba gari. Irin wannan waya za ta kunna fitila da rediyo ba matsala, amma ba za ta ɗauki amp 200 ba. Ga gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kobo: ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, maƙala baki ɗaya a kan nagetif na batir, ɗaya bakin a wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji, ka yi kik. In ka ji juyawar ta canza, ta yi sauri, ka kama ɓarawon: wayar at ce, wadda ke haɗa batir da jikin mota da inji. An taɓa kawo mini wata 504 wagon da aka yi wa aikin kuloci aka manta ba a mayar da wayar at ta inji ba. Wutar kik ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta wayar cok, har robar wayar ta narke. Mai motar ya riga ya sayi kik biyu kafin ya iso wurina.

Da mita za ka fi samun tabbaci. Sa baki ɗaya a kan dalmar batir kanta, ba a kan maƙalin ba, ɗaya bakin a jikin inji, a yi kik. Abin da za ka gani kada ya wuce bolt 0.3. Ka yi haka a ɓangaren fozitif, daga dalmar batir zuwa babban notin kik, kada ya wuce 0.5. Duk abin da ya haura haka wuta ce da ke ɓacewa a hanya, kuma wurin da take ɓacewa yakan yi ɗumi in ka taɓa bayan kik. A kwance kawunan batir a goge su da sanfefa har su yi ƙyalli, a goge inda wayar at ta kama jikin mota har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau. Ɗabi'ar nan ta buga kan batir da dutse ko cusa ƙusa a maƙali ita ce take kai mutum ga turi.

Sai bayan wannan za a zargi kik. Kunna manyan fitilu ka yi kik. In sun dushe sosai alhali batir da wayoyi lafiya, kik ne yake jan wuta fiye da kima, galibi bushin ya cinye, cikinsa yana gugar bango, ko burushi sun ƙare. Rewaya nagari zai canza waɗannan ba sai an sayi wani kik ɗin ba. In fitilun ba su dushe ba ko kaɗan, sai dai ka ji ƙas ko shiru, to wuta ba ta shiga kik ɗin ma, a duba sulonoyid da siririyar wayar da ke zuwa masa daga makulli. Akwai kuma juyawar da ke yin gaba ta cije, ta yi gaba ta cije, wannan sau da yawa taimin ne, wato saitin lokacin da tartsatsi ke fita, ya yi gaba da yawa, zan zo kansa.

Kada ka manta da cok. A hunturun Kaduna, Disamba da Janairu, injin kafireta ba ya tashi da asuba ba cok. Cire murfin iska, ja cok ɗin, ka leƙa ka gani ko marfin da ke bakin kafireta yana rufewa da gaske, don a motoci da yawa wayar ta saki, mutum yana ja a banza. Baƙin mai ma in an zuba mai kauri sosai don a ɓoye hayaƙi, da sanyin safiya yana riƙe inji.

Mutuwar zafi: a auna a inda ta mutu

Wannan ciwon ya fi wahalar kamawa, saboda kafin ka kai ta gareji ta huce, komai ya koma daidai, bakanike ya duba bai ga komai ba sai ya wanke kafireta don kada ka tafi hannu rabbana. Minti 20 ɗin nan da kake jira a bakin titi su ne lokacin binciken. Ka riƙa yawo da fitilar gwaji, da sukundireba, da filaya mai roba a hannu, da tsumma da gorar ruwa. In ba ka son yin wannan a cunkoso, ka bar ta tana aiki a gida da rana tsaka, bonet a rufe, har ta mutu da kanta. Tambaya ɗaya kake nema wa amsa: wuta ce ta ɗauke ko mai?

Sa giya a furi, ja birkin hannu. Zare kaurin wayar da ke tsakiyar murfin distiributa, riƙe ta da filayar, bakinta ya bar jikin inji da kamar milimita 6, nesa da kafireta da tiyon mai. Wani ya yi kik, kai kuma ka kula da fanka da hannun rigarka. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara, tas tas tas. In ba ta fito ba, ko ta fito ja-ja sai ka kusantar da wayar sosai, laifin na wuta ne.

To sai a bi ta daki-daki. Kwayil yana da ƙananan noti biyu. A na Faransa za ka ga an rubuta BAT da RUP, a na Bosch 15 da 1, wasu kuma alamar tarawa da ta ɗebewa. Makulli a buɗe, taɓa fitilar gwaji a BAT. In ba ta kama ba, wuta ba ta zuwa daga makulli, kuma tsohon makulli yakan saki in ya yi zafi. In ta kama, koma RUP a yi kik: ya kamata fitilar ta riƙa ƙyaftawa. In ta kama ta tsaya cak, kwantak ba ya rufewa, ko bakinsa ya ƙone, ko siririyar wayarsa ta katse daga ciki. In ta ƙi kamawa sam, kwantak ba ya buɗewa, ko wayarsa na taɓa jiki, ko kwandensa ya haɗe. In tana ƙyaftawa daidai amma babu tartsatsi, zargi ya koma kan kwayil da kwandensa.

Dafa kwayil. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in ba ka iya barin hannunka a kai, ko ka ga mai yana tsattsafowa daga wuyansa, akwai magana. Lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ban da saman da wayoyi suke. In mota ta tashi cikin 'yan mintoci maimakon 20, ka samu amsa. Amma kada ka tsaya a canza shi, ka tambayi abin da ya dafa shi. Kwayil iri-iri ne ko da kamarsu ɗaya. Auna tsakanin ƙananan notin biyu, wayoyi a cire. Wanda ake jonawa kai tsaye da bolt 12 a motar kwantak yana ba da wajen om 3. Mai om 1.5 an yi shi ne ya yi aiki tare da rezisto, farin abin nan mai kama da alli da ake ɗaurawa kusa da shi. Mai ƙasa da om 1 kuwa na motocin da ba su da kwantak ne. Abin da nake yawan gani shi ne kwayil ɗin asali ya mutu, a ɗauko duk wanda aka samu a kasuwa a ɗaura, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Daga nan wuta ninki biyu take ratsa shi, ya yi ta zafi, bakin kwantak ya yi ta ƙonewa, a yi ta canza kwantak ana cewa na yanzu ba su da kyau.

Kwandensa ma yana da halin nan na aiki da sanyi, ya gaza da zafi. Alamarsa a bakin kwantak take: gefe ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi tsini, ko duka sun yi baƙi-baƙi, kuma in ka cire murfi aka yi kik sai ka ga tartsatsi babba yana tashi a tsakaninsu. Abu ne mai araha, ajiye na biyu a mota. Sai dai sabo a kwali ba shaida ba ce, jabu sun yi yawa, kuma tsohon kwandensa na asali da aka ciro daga wata distiributa sau da yawa ya fi sabon daɗewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In kuwa tartsatsin ya fito shuɗi mai ƙarfi, bar wuta ka koma mai. Inji a kashe, cire murfin iska, leƙa cikin kafireta, ka ja totur da hannu sau ɗaya ko biyu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya tsarto. In babu, kwanon kafireta ya bushe. A nan maganar da ka yi cewa motar ta daɗe a ajiye take da nauyi a wurina. Tankin da ya shekara da shekaru rabinsa iska yana yin tsatsa. In kana tafiya, famfo yana jan garin tsatsar ya taru a bakin bututu ko a matata har ya toshe, mota ta yi shessheƙa ta mutu. In ta tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, ta sake tashi. Mai mota sai ya ɗauka zafi ne, alhali datti ne. Shi ya sa wankin kafireta ba ya ƙarko, ana wanke ƙarshen hanya ne an bar mafari. A sauke tankin a wanke, a busa bututun, a canza tiyon roba duka, a sa matata mai haske kafin famfo don ka riƙa ganin abin da ke zuwa. Sannan in ta mutu, buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja iska fuu, hanyar numfashin tankin ta toshe, famfo yana kokawa da tankin da ba ya shaƙar iska.

Zafin kansa ma yana iya hana mai zuwa. A watan Maris da Afrilu, a cunkoso, ba iska ke ratsa bonet, fetur yakan tafasa a cikin tiyo ya zama tururi, kuma famfon 504 na inji ne, fetur mai ruwa yake turawa, ba ya iya tura tururi. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon da tiyon, in ta tashi da wuri ka gane. A duba kada tiyon mai ya kwanta a jikin inji ko kusa da bututun hayaƙi. A duba fanka: wasu 504 suna da fankar da ke kamawa da kanta sai ruwa ya yi zafi, in ta daina kamawa komai na ƙarƙashin bonet yana dahuwa. Gwajin famfo kuwa, a cire wayar BAT daga kwayil a naɗe bakinta, a zare tiyo daga kafireta a sa a kwalba, a yi kik. Ya kamata ya riƙa fesowa da ƙarfi, ba ɗiga ba. Shinshina sandar auna baƙin mai, in tana warin fetur fatar famfon ta huje, a canza shi tare da baƙin man.

Akwai kishiyar wannan, wato mai ya yi yawa. Za ka ji warin fetur, ka ga bakin kafireta a jiƙe, in ta tashi ta yi baƙin hayaƙi. Allurar da ke tsayar da mai ce ba ta rufewa, ko datti ya maƙale mata, ko fulot ya sha mai ya nutse. In hakan ta faru a hanya, taka totur har ƙasa ka riƙe, kada ka yi ta famfawa, ka yi kik har ta share.

Ina roƙonka abu ɗaya, kada ka bari wani ya tsiyaya fetur a bakin kafireta ana kik, ko ya zuƙi tiyo da baki. Inji in ya yi atishawa ta kafireta wuta ce ke fitowa, kuma na ga hannun da ya ƙone ta wannan hanya. Ka ajiye abin kashe gobara a motar.

In ka ce in faɗi inda hankalina ya fi karkata, zan ce mai. Wuta in ta ɗauke yawanci farat ɗaya take yi, shessheƙa kafin mutuwa ta fi kama da mai da ke ƙarewa a kafireta, ga kuma tarihin ajiya. Kwandensa da kwayil suna biye. Amma wannan hasashe ne daga nesa, ban ji kukan injin ba, ban taɓa shi ba. Gwajin tartsatsi na minti ɗaya a lokacin da ta mutu ya fi hasashena.

Distiributa, fulogi da taimin

Ko me ka samu a sama, wannan ɓangaren yana son hannu, don raunin wuta yana ƙara wa ciwon biyu nauyi. Juya inji har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, tazarar ta zama milimita 0.40, a auna da fila geji ba da ido ba. Ɗan dunduniyar robar da ke bin sandar distiributa yana cinyewa a hankali, tazarar ta yi ta raguwa har ta rufe, musamman in ba a shafa masa ɗan giris ba. Kaɗan ake shafawa, kada ya taɓa bakin kwantak. Kama sandar ka girgiza ta gefe da gefe, in tana wasa sosai, tazarar ba za ta taɓa zama ɗaya ba, sai an canza bushin ko distiributar. Duba cikin murfi: ɗan gawayin tsakiya yana nan da sifirin ɗinsa? Akwai tsaga, ko baƙin layi siriri tsakanin ƙarafan? Ta nan wuta ke zurarewa, kuma da damina, musamman Agusta, raɓa tana kwana a cikin murfin, shi kaɗai ya isa ya hana mota tashi da safe. Busasshen tsumma yana maganinsa.

Fulogin 504 a cikin dogayen ramuka suke a tsakiyar murfin inji. In robar ramin ta mutu baƙin mai yana taruwa a ciki, wuta ta bi man ta gudu. Haska tocila ka gani, kuma a duba dogayen maƙalan da ke kai wuta ga fulogin, suna tsagewa. Sabbin fulogin da ka saya, an auna bakinsu? Milimita 0.6 ake so a motar kwantak. Da yawa suna zuwa da baki mai faɗi na motocin zamani, kuma kwayil mai yunwa ba zai tsallaka shi ba.

Jerin wuta 1-3-4-2 ne. Abin da ke rikita waɗanda suka saba da motocin Japan shi ne Fijo tana fara ƙirga silinda ta ɗaya daga baya, wajen giya, ba daga wajen lagireto ba. Taimin kuma ana yin sa ne bayan an saita kwantak, don duk lokacin da ka taɓa tazarar kwantak taimin ya motsa. A injuna da yawa na 404 da 504 akwai ɗan rami a jikin gidan kuloci, ana zura ƙarfe mai kaurin milimita 8, a juya inji a hankali har ya faɗa gurbinsa a filawil. A nan ake sassauta distiributa, a sa fitilar gwaji a RUP, a juya ta har daidai inda fitilar ta kama, a ɗaure, a tabbata an zare ƙarfen kafin kik. Wasu injunan alama ce a kan fulin gaba. Digirin ya bambanta da shekara da irin kafireta, a bi na injinka. Saita taimin da kunne, a yi ta juya distiributa har inji ya yi kuka mai daɗi, kusan kullum yana kai shi gaba fiye da kima, sai kik ya riƙa cijewa, inji ya riƙa zafi. A saita bawul ma, inji da sanyi: na shiga milimita 0.10, na fita milimita 0.25. Bawul da ya matse yana ƙin rufewa in ya yi zafi, mota ta rasa ƙarfi ta mutu a silo.

Maganar canza inji

Akwai lokacin da inji yake gajiya da gaske, kuma gajiyayyen inji ma yakan fi jin turi fiye da kik, wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai ma'auninsa. A sa gejin kwamfureshan, mai auna ƙarfin matsin iska a silinda, a kowane ramin fulogi, inji da ɗumi, totur a buɗe. In silinda huɗun sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma ba ta shan baƙin mai, ba ta haɗa ruwa da mai, ba ta shuɗin hayaƙi, babu dalilin sauke shi. Ko ya gaji ɗin ma, injin 504 silindarsa hannun riga ce da ake zarewa a sa sabuwa da fistin da ringi, ya dawo daidai. Ɗora injin wata mota yana jawo yanke-yanke da walda da wayarin da ba kowa zai gane ba gobe, kuma tsohuwar wayar at da tanki mai tsatsa suna nan suna jiran sabon injin.

Wasu suna cire kwantak su sa na'urar lantarki a cikin distiributa. In an samu mai kyau, aka haɗa ta da kwayil ɗin da ya dace, tana hutar da mutum daga saiti, kuma mota tana tashi da sauƙi. Ni dai ba na sa ta sai motar ta warke da kwantak ɗinta tukuna, don ba ta gyara ruɓaɓɓiyar waya, kuma in ta mutu a hanyar Zariya babu abin da za ka yi mata, alhali kwantak da sanfefa da sukundireba za ka lallaɓa ka iso gida. In ka sa ta, ajiye tsohon kwantak da kwandensa a mota.

Ka nemi dattijon bakanike da ya yi zamanin Fijo, har yanzu akwai su a Panteka da Kakuri da Tudun Wada, ka tafi da bakanikenka ya tsaya ya gani, shi ma zai ƙaru. Kafin nan ka auna mini batir da safe, da lokacin kik, da lokacin da inji ke aiki, ka auna om ɗin kwayil, ka kuma gaya mini launin tartsatsin a lokacin da ta mutu da zafi. In ka aiko da waɗannan, in sha Allahu zan iya nuna maka abin da za ka saya da abin da za ka bari.